Tattabarun Gidan Yahuza Mai Igiya

Duk wanda ya taɓa sayen sa ko tunkiya a karar Wudil ranar Juma'a, da wuya a ce ba da igiyar Yahuza ya ja dabbarsa gida ba. A bakin shiga yake zama, ƙarƙashin wata rumfar buhu, igiyoyin rama da ya tufka da hannunsa suna rataye a kansa, na roba kuma a gefe guda yana harararsu. Ya ce waɗannan ba igiya ba ce, zamani ne kawai ya sa yake sayar da su. Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa.

Gajere ne, mai saurin fushi, mai saurin hucewa. In ya fara faɗa sai ka ce yau za a kwashi mutum a kai asibiti, amma kafin ka gama ba shi haƙuri ya tambaye ka ko ka ci abinci. Tufka a wurin mahaifinsa, Kawu Ja'afar, ya koye ta, a cikin turakar tsohon, wani ɗakin soro mai rufin azara a gidansu na cikin gari, can gangaren kogi. Da Kawu ya rasu aka raba gado, gidan ya faɗo a rabon Yahuza. A lokacin ya riga ya gina nasa na bulo a sabuwar unguwa, shi da matarsa Rahinatu sun tare. Ita ce ta ba shi shawarar ya zuba 'yan haya a tsohon gidan kada ya zama kango. Ya karɓi shawarar da murna, don a tunaninsa mai gidan haya zama yake yi a inuwa ana kawo masa gaisuwa.

Ɗaki ɗaya ne ya ce ba ya cikin ciniki, wato turakar Kawu. Ya sa mata kwaɗo ya rataya makullin a wuyansa. Buzun tsohon yana ciki, da turken da yake ɗaura bakin igiya in zai yi tufka. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, Yahuza da kansa yake hawa saman ɗakin ya yi yaɓe, ya share indararo don ruwa ya sami hanyar zuba. Ko magini ba ya bari ya hau. In dai ɗakin nan yana tsaye, a wurinsa Kawu bai gama tafiya ba.

'Yar haya ta farko mai suyar awara ce. Ta kafa murhunta jikin katanga, kafin a ankara bangon ya yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama. Yahuza ya tafi da niyyar tashin hankali, ya dawo da awara cike da leda, har da yaji. Rahinatu ta tambaye shi yadda aka kwashe, ya ce ai matar tana da ladabi.

Bayanta sai ɗaliban jami'a. Waɗannan suka cire ƙyauren madafa suka ɗora a kan bulo ya zama teburin karatu, suka cika bangon ɗaki da lissafi da gawayi. Da ya yi magana, ɗayansu ya kama hannunsa ya kai shi gaban bangon ya fara yi masa bayanin abin da aka rubuta. Da suka gama karatu suka kulle ɗakin suka tafi garinsu da makulli, sai da aka fasa ƙofar. Wanda ya biyo bayansu shiru-shiru ne, ba a taɓa jin kansa ba, amma ranar da ya tashi ya tafi da ƙwan fitila, da kan famfo, da igiyar shanya. Ta famfon ba ta dami Yahuza kamar ta igiyar ba, don ya ce da mutumin ya roƙa da ya ba shi sabuwa.

Wanda har yau ake ba da labarinsa a majalisarmu shi ne mai kiwo. Ya shigo da ɗan maraƙi ta ƙofar gida, ya ɗaure a tsakar gida, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa da ɓawon wake. Da babbar salla ta matso aka zo fitar da shi kasuwa, sai ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Aka juya sa ta nan, aka karkata ƙahonsa ta can, aka kira mahauta suka ba da shawara, a ƙarshe dai sai katanga aka fasa. Yahuza ya iso ya tarar da gidan ubansa da ƙofa biyu, sa yana tsaye a titi yana tuƙa, kuma igiyar da ke wuyan san tufkar Yahuza ce. Na gaya masa ya gode wa Allah, ko ba komai an yi wa sana'arsa talla.

Daga nan ya ce shi da ba da haya sai an yi wa mutum tambayoyi. Kana kiwo? Matarka tana suya? Kana karatu? Mutane da yawa suka faɗi jarrabawar, har Allah ya kawo Isyaku, wani mai tuƙa adaidaita sahu ɗan Utai, da matarsa Bilkisu. Matashi ne mai sanyin murya, ba ya gaida babba a tsaye. Da aka zo tambayar kiwo ya ce ba ya yi, sai dai 'yan tattabaru, mace da namiji. Yahuza ya yi dariya ya ce tattabara ai ba kiwo ba ce, ado ce.

Isyaku ɗan haya ne irin wanda ake roƙon Allah ya ba mutum. Yana share gida, yana gyara abin da ba shi ya ɓata ba. Sai dai mace da namijin nan ba su zo Wudil hutu ba. Kafin shekara ta zagayo sun zama garke. Isyaku ya sayo tukwane a wurin masu ginin tukunya ya rataya musu su yi sheƙa, kuma da ya duba bangon da ya fi tsawo da inuwa a gidan, sai ya ga na turakar Kawu ne. Yahuza ya zo ya ga ƙusoshi a jikin bangon, ya yi faɗa har hularsa ta faɗi. Isyaku ya durƙusa, ya ɗauko hular ya kaɗe ya miƙa masa, ya ce a yi haƙuri za a gyara. Faɗa da irin wannan mutum ba ya kamawa. Aka sauke tukwanen, amma tattabaru sun riga sun saba da wajen, sai suka koma saman rufin.

A shekarar Yahuza ya yi yaɓensa da wuri, ruwa kuma ya yi jinkiri. A tsakanin nan tattabaru suka sami bakin indararo ta sama, inda ba mai gani daga ƙasa, suka cusa tsinke da gashi da tsumma har ya toshe. Ranar da ruwan farko ya sauka da la'asar, kamar da bakin ƙwarya, bai sami hanyar fita ba, sai ya kwanta a kan rufin. Da safe Bilkisu tana dama koko ta ji ƙarar faɗuwar abu a cikin ɗakin da ke kulle.

Tare muka je da Yahuza. Ya buɗe kwaɗon. Kusurwa guda ta rufto, ana hango sama ta cikinta, laka ta binne buzun Kawu, turken ne kawai ya leƙo. Na san Yahuza tun muna yawo ba wando, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci bai ɗaga murya ba sai ranar. Ni ma ban yi masa wasa ba, don tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ya juya ya ce a hankali, "Isyaku, ka nemi wani gidan."

Isyaku bai yi musu ba. Ya ce laifinsa ne, Allah ya huci zuciyar Baba. Kafin mako ya ƙare ya ɗaure kayansa a adaidaita, tattabaru a cikin kwanduna a sama, ya koma gidan iyayensa a Utai. Magini ya zo ya rufe ramin da tamfol, ya ce ba a taɓa ginin ƙasa a tsakiyar damina, sai kaka. Amma ya ja kunnen Yahuza cewa in indararon ya sake toshewa ko sau ɗaya, sauran rufin ma zai bi.

Washegari Yahuza ya je duba gidansa da ya huta da 'yan haya. Ya tarar da tattabaru a jere a kan turakar, suna gyaran gashi.

Ya kira Isyaku a waya. Isyaku ya zo da magariba lokacin da suke shiga kwana, ya kama su, ya ba da haƙuri, ya mayar da su Utai. Suka dawo. Ya sake zuwa, wannan karon ya kulle su a ɗaki ya rage musu gashin fiffike. Gidan ya yi shiru har Yahuza ya fara cika baki a majalisa cewa ya yi maganinsu. Da gashin ya tsiro, suka riga shi zuwa.

Daga nan aka shiga yaƙi. Ya ɗaura leda a kan gora yana kaɗawa, suka tashi suka zaga suka sauka a bayansa. Ya kafa mutum-mutumi a saman rufin ya sa masa tsohuwar rigarsa, suka mai da kafaɗarsa wurin hira. Sai dabara ta zo masa, cewa in ya watsa musu hatsi a ƙasa can nesa da turakar, za su bar saman. Dabarar ta ci, amma sai an maimaita ta kullum. Rahinatu ta lura dawarta tana raguwa a buhu, ta bi sawu ta gano inda take zuwa. Ni kuwa na sami abin faɗa. Na ce a duk faɗin Wudil ban taɓa ganin mai gida irin Yahuza ba, ya kori mai biyan haya, ya bar waɗanda ba sa biya, kuma yana kai musu abinci.

Tunda dole kullum ya hau ya leƙa indararo, sai zuwa gidan ya zame masa aiki. Yana buɗe turakar don iska ta shiga laka ta bushe. Ya kwashe ƙasar, ya wanke buzun ya shanya. Zaman banza ba ya yi masa, sai ya fara zuwa da ramarsa, ya ɗaura a turken Kawu yana tufka. A nan ne wata rana ya ɗaga kai ya ƙura wa azarar da ta karye ido, ya miƙa hannu ya taɓa, sai ta marmashe. Gara ta cinye cikinta tun tuni. Shekara da shekaru yana lallaɓa ɗakin ta sama, bai taɓa zama a cikinsa ya dubi abin da ke faruwa ba. Da kansa ya gaya mini, amma ya ce kada in ɗauka ya wanke tattabarun, su ma da nasu.

Ana cikin haka Isyaku ya sake zuwa da kwandunansa, da rana tsaka. Ya durƙusa a ƙofar turakar ya ce ya yanke shawara, tunda sun ƙi zama a Utai kuma suna hana Baba sakat, zai kai su kasuwa ranar Juma'a ya sayar wa masu yankawa. Yana faɗa yana kallon ƙasa, kowa ya san ba da son ransa ba ne. Yahuza ya tambaye shi wai me ke damunsu ne, ba hatsi a Utai?

"Akwai hatsi, Baba," in ji Isyaku. "Har ya fi na nan. To amma a gidan nan aka ƙyanƙyashe su. Ni kun ce in tashi na ji, su kuwa ban san yadda zan gaya musu ba."

Yahuza ya ci gaba da murza rama a cinyarsa. Can sai ya nuna wani lungu da haɓa, bayan ɗakin da Isyaku ya zauna, ya ce, "Ni ma a can aka binne cibiyata." Sannan ya ce wa Isyaku ya ajiye kwandunan nan, ba wanda zai yanka masa tsuntsaye a kan ginin da gara ta riga ta ci.

Da kaka ta yi, Isyaku ya yi ta jigilar ƙasa da adaidaitarsa, aka sayo sabuwar azara, aka tayar da kusurwar. Aka sa wa bakin indararo ragar waya, aka gina wa tattabaru nasu ɗakin a can ƙarshen gida. Isyaku ya sake tarewa a gidan, Bilkisu ta dawo da tukunyar kokonta. An yi damina biyu tun daga lokacin, turakar Kawu ko ɗigo ba ta yi ba.

Yanzu in ka cire ranar Juma'a da yake zuwa kara, kada ka nemi Yahuza a sabuwar unguwa. Yana cikin gari, a kan buzun ubansa, ƙofa a buɗe, yana tufka yana faɗa da tattabaru a kan sun ɓata masa hula. Rahinatu ta gaji da ɓoye buhu, ta ware musu nasu kwanon. Kwaɗon kuwa yana nan rataye a ƙusa, ya yi tsatsa, kuma da na tambaye shi makullin ya ce bai san inda ya ajiye shi ba.