Ɗigon da Na Kankare a Ganyen Kaka

A gidanmu na unguwar Sabangali, Kaka tana da wata shuka a ƙarƙashin randa, inda ruwa ke ɗiga. Marigayi mijinta ne ya kawo mata daga duwatsun Kamaru. Ba fure, ba iri, sai ganye kamar gashin tsuntsu. A shekarar da na cika tara ta soma yaushi, ganye uku kacal suka rage.

Wata rana bayan magariba, muna zagaye da murhun gawayi, Kaka ta ce yau labarin shukar za mu ji. Ni kuwa na kura nake so.

"Wata uwa ce," in ji ta, "mai 'ya'ya ƙanana kamar garin barkono, ta ɓoye su a bayan ganye. Ba ta sakinsu tsirara. Kowanne sai ya sami rigarsa ta fari, mai santsi. Sannan mai renonsu ta narke, ta zame musu riga ta biyu, mai kaushi, wadda rana ba ta ci. Kafin rigar nan ta kammala, duk wanda..."

"Kaka, yaushe kura za ta shigo?"

"Babu kura."

"To ai wannan ba tatsuniya ba ce!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Halas, shi ke nan. Tunda kin fi ni sani, tashi ki ba ni wuri."

Da safe, don in wanke laifina, na je gyara mata shukar. Na ga wasu ɗigo-ɗigo jere a bayan ganyen, na ɗauka cutar da ke kashe ta ke nan. Na sa cokali na kankare su tas, har ina jiran yabo.

Kaka ta juya ganyen ɗaya bayan ɗaya. "Su nake jira su nuna, in barbaɗa a kan jiƙaƙƙen bulo," ta ce. "Saura kwana kaɗan." Ba ta dake ni ba, ni kuwa da ma dukan ta yi. Zafin Afrilu ya ƙarasa shukar, ba ta bar magaji ba.

Sai da na shiga lise, wato babbar sakandare, malamin kimiyya ya zana irin shukar a allo, ya ce sunanta fujer da Faransanci, ya nuna yadda bangon ƙwayoyin da ke bayan ganyenta ke ginuwa hawa-hawa. Rigunan Kaka ne sak.

Har yau ina jin haushinta. Me zai hana ta ce kawai, "Kar ki taɓa"? Amma haushin kaina ya fi yawa. Ta ƙara shekara shida a duniya, kullum muna cin tuwo a kwano ɗaya, ban taɓa ce mata ta ƙarasa mini labarin ba.