Ɗan Farin Innarmu

A gidanmu na Matamai, in Inna ta ce “yaron can”, kowa ya san wanda take nufi, ko da yake yaron can ya girme ni, kuma ba ya ma ƙasar gaba ɗaya. Ɗan Kwara ne, wato mutanen Labanan ɗin nan masu kantuna. Inna ce ta shayar da shi.

Ubansa da tsufansa na san shi. Yakan zauna ƙofar kanti kusa da ma'aunin gyaɗa, yana ba duk wanda ya tsaya labarin yadda ya baro ƙauyensu na kan duwatsu yana ɗan yaro, a ƙarshen ƙarni na sha tara, tun Nasara bai shigo Damagaram ba. Amurka aka nufa da shi, jirgin ruwa ya tsaya a gaɓar Afirka ta yamma, shi kuma bai ƙara gaba ba. Ya yi tallar murjani a ka, ya gangaro Kano, daga baya gyaɗa ta jawo shi garinmu. Mutane sun ji labarin nan har sun gaji, amma da yake yana ba da goro, ba a rasa mai saurare.

Sai da ya manyanta aka kawo masa mata daga ƙasarsu. Ta haihu, jini ya ɓalle mata, ta rasu ta bar jariri. A makon ne kuma Inna, tana yarinya ɗanya, ta yi haihuwar fari, namiji, ya koma tun kafin suna. Ungozoma ɗaya ce ta karɓi haihuwar biyu, ita ta ga can ana kukan yunwa, nan kuma nono ya cika har da zazzaɓi. Baba ya je wurin Malam, Malam ya ce babu laifi, sai dai a sani daga ranar yaron ya zama ɗan gida, duk abin da Inna za ta haifa ƙannensa ne. Aka naɗo shi a zane aka kawo.

Babu wanda ya ce wa Inna ta yi abin da ta yi. Ita ce da kanta ta ɗora masa kunyar ɗan fari, gaba ɗayanta, ba ragi. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallon fuskarsa in da mutane. In za ta ba shi nono sai ta shige ɗaki. Kakarmu ce ke goya shi, in ya faɗi ya fasa baki, iyakar Inna ta ce wa kaka ga ɗanku can yana kuka, ta ci gaba da tankaɗenta. Mu da muka biyo baya mun sha kira da suna, mun sha zagi, mun sha dundu. Shi ko tsawa bai taɓa samu ba.

Abin da na riƙe game da shi kaɗan ne, don ina ƙarama ƙwarai ya tafi. Na tuna akushi ɗaya muke ci, kuma ya fi kowa iya loma. Da ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko, uban ya ce ba a nan zai yi karatu ba, aka ɗora shi gaban kamyon gyaɗa zuwa wurin wani kawunsa a bakin teku. Ran tafiyar Inna ta ɗauki taɓarya ta tafi taya maƙwabta daka, ba ta dawo ba sai da ƙarar motar ta ɓace. Bayan wasu shekaru tsohon ya rufe kanti ya koma Kano, can ya rasu, labari ya yanke.

Kwarori dai haka suke. Uba ya ƙare rayuwarsa yana gardamar buhu da manoma, 'ya'ya su watsu duniya su zama manya. Muna ji ana cewa ɗan wane na Magarya ya zama babban lauya a Brazil, jikan wane yana da masana'antu a Abidjan. Namu kuwa likitan ƙashi ya zama a Kanada, irin wanda wasu likitoci ke zuwa koyo wurinsa. Wani mushe, malamin lakwal, shi ne ya ji labarinsa a rediyon Faransa, ya zo har zaure ya gaya wa Baba. Inna na jin an ambaci sunan ta tashi ta bar wurin. Ni na gan ta bayan zana, riƙe da ƙwarya wadda babu komai a ciki, ta kasa kunne.

Sau ɗaya tak ta taɓa buɗe mini cikinta. Lokacin Baba ya rasu, ni ma aurena ya mutu na dawo gida, muna ɓarar gyaɗa mu biyu. Ba ta dube ni ba ta ce, “Da dai Allah zai nuna mini yadda yaron can ya zama, kafin in kwanta dama.” Na ji tausayinta ƙwarai, don na san ba ƙaramin abu ne ya fito da maganar nan daga bakinta ba. Na ce amin, muka ci gaba da ɓara.

To, Allah ya amsa. Wata rana da hantsi sai ga wani ma'aikacin gwamnati da saƙo daga Damagaram, wai babban lokotoro, wato likitan nan namu, ya zo taro ƙasar nan, gobe zai bi ta Matamai a hanyarsa ta zuwa Kano hawa jirgi, kuma ya ce lalle sai ya ga matar da ta raine shi. Inna ta ce to, kamar an ce mata gobe kasuwa. Amma da yamma na ga ta sa an fito da geron da ta ɓoye, ta hana kowa taɓa shi. Ita ta surfa, ita ta daka, tsohuwar da ta daɗe da ajiye taɓarya. Da safe ta aika rugar Fulani a samo mata kindirmo mai kyau, ta yi wanka, ta ɗaura zanen da ba ta fito da shi sai salla.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne jama'a. Kafin azahar gidanmu ya cika maƙil. Dangi daga Yauri, surukai daga Dawce, matan unguwa, masu ciwon ƙafa da suka ji an ce likitan ƙashi ne, duk sun hallara. Ga Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda bakinta ba ya da linzami, ta zauna kusa da Inna tana tsokanarta, wai yau za a ga ƙarshen kunya, yau sai ta kira sunan ɗanta kowa ya ji. Mata suna ta shewa. Ina kallon Inna tana ƙara jan mayafi, na san lamarin ya fara lalacewa.

Ya iso da rana tsaka, shi da wani saurayi mai yi masa tafinta, don Hausar ta gudu ta bar shi. Ya tsaya tsakar gida yana dube-dube, mata suka rangaɗa guɗa. Gwaggo ta nuna masa da hannu. Da ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta kamar yadda ɗa ke yi, da wataƙila ta amsa ƙasa-ƙasa, ta saci kallo ta gefen mayafi. Shi kuwa ya yi irin ta inda ya girma. Ya buɗe hannuwa biyu, ya nufo ta da sauri zai rungume ta gaban duk jama'ar nan, yana cewa, “Inna! Inna!” Kalmar da ta rage masa ke nan.

Inna ta rufe fuska ruf, ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba, ta shige ɗaki ta saki labule. Gida ya ɗauki dariya. Dariyar jin daɗi ce, kowa na cewa kai, tsohuwar nan akwai alkunya, ta nuna ɗan nata ne na gaske. Shi kaɗai ne bai san abin dariya ba. Ya tsaya da hannuwa a buɗe, fuskarsa ta yi ja.

Aka shimfiɗa masa tabarma ƙofar ɗakin, na zauna gefe, aka gaya masa ni ƙanwarsa ce. Ya tambaya ta bakin tafinta ko fushi take yi don ya daɗe bai waiwaye ta ba. Na ce ko kusa. Sai ya ce ya tuna tun yana yaro ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗora shi a cinya ba, amma mu tana yi mana. Ya ce ya daɗe da fahimtar dalili, ai shi ba ɗanta ba ne, ɗan mai kanti ne da aka ba ta aikin shayarwa, kuma bai riƙe ta da komai ba, godiya kawai ya zo yi.

Wallahi maganar nan ta dake ni. Na ce wa tafinta ya gaya masa, kada ya rage ko kalma, ɗan da aka ba mace aikin shayarwa ba a jin kunyarsa. A wurinmu ɗan fari kaɗai ake yi wa haka, kuma duk cikinmu shi kaɗai ta ba wannan matsayi. Gwaggo ma ta bar wasa ta sa baki. Tafinta ya faɗa, ya maimaita. Mutumin ya cire tabarau ya goge, ya gyaɗa kai. Har yau ban sani ba ko ya yarda, ko ya ɗauka muna gyara zance ne don kada baƙo ya ji kunya.

Ya roƙa ko za ta ce masa wani abu, ko daga bayan labule. Na shiga. Tana zaune bakin gado, ta juya wa ƙofa baya. Na ce Inna, mutumin nan fa tafiya zai yi, ki daure. Ta ce gidan cike da surukai, da wane ido za ta fita. Ta turo mini ƙwaryar furar da ta dama, ta ce, “Ki ba baƙon ya sha, hanya da nisa.”

Ya sha, ya shanye tas. Na so ya jira jama'a su ragu, don na san in gida ya yi shiru za ta leƙo. Amma direba ya matsa, wai dole su wuce iyaka ta Ɗan Barto da sauran rana, jirgi kuma ba ya jira. Ya duba ƙafafun mutum biyu ko uku da suka tare shi a zaure, ya ɗaga murya ya yi wa labule sallama, ya tafi. Bai sake zuwa ba, ita ma ba ta kai damina biyu ba bayan nan.

Da la'asar sakaliya jama'a suka watse, na shiga kwashe kwanuka. Inna na nan inda na bar ta. Ta bari sai da na kai bakin ƙofa, ta ce, “Ya yi tsawo?”

Na ce a'a, gajere ne kakkaura kamar ubansa, ga sanƙo, ga furfura a gefe, ga tabarau. Sannan ta matsa ta ba ni wuri a bakin gadon.

“Zauna,” ta ce. “Sake faɗa mini a hankali. Ki faro daga kai.”