Hannun Daman Kawu Mamman

Duk wanda ya san Kawu Mamman na Bukkuyum ya san yarfa hannun nan nasa. Yana cikin rubutu sai ya ajiye alƙalami, ya hau yarfa hannun dama kamar ya taɓa garwashi. Baƙo ya zaci gaishe shi ake yi, har ya amsa! Ni ɗan ƙanwarsa ne, amma ni ma na sha amsawa.

Alƙur'ani yake rubutawa da manyan baƙaƙe saboda matarsa, Inna Hajo, da idonta ya raunana. Saura izu bakwai, yatsunsa uku suka fara mutuwa, alƙalami yana suɓuce masa. Ya ce sanyi ne. Wanzami ya kafa masa ƙaho sau uku, jini ya fita, sanyi yana nan daram.

Da ƙyar na ja shi asibiti a Gummi. Likita ya ƙwanƙwasa masa wuyan hannu da yatsa, Kawu ya zabura kamar lantarki ya ja shi.

"Malam, jijiya ce ta matse a nan," in ji likita. "Yawan rubutu ne."

"Kai yaro! Shekara arba'in nike rubutu, jijiyag ga ba ta taɓa kai ƙarata ba sai da tag gane ka!"

Likita ya ba shi maɗauri mai ƙarfe a ciki, ya ce hannun ya huta, in ba sauƙi sai a yi ɗan aiki a saki jijiyar. Bayan sati na leƙa, na tarar da maɗaurin tsaf a hannun hagu.

"Haba Kawu! Dama fa aka ce!"

"Dama na aiki. Hagu ita ad da lokacin jinya."

"To a yi aikin mana."

"In sun yanke ni, wa ka cika ma Hajo izu bakwai? Kai? Da rubutunka awa tonon kaza?"

Sai ya ɗaure alƙalamin a yatsa da zare, ya ci gaba. Ran da ya kammala ya aiko mini: "Hwaɗa ma mai ƙwanƙwasa na shirya." Ba a kai ga ranar aikin ba, zazzaɓin kwana uku ya tafi da shi.

Jiya na tarar da Inna Hajo tana karatu. A shafukan ƙarshe baƙaƙen duk sun karkace, na ce ta kawo in karanta mata.

"Bar min abina," ta ce. "Nan nika ganin hannu nai."

Wallahi sai da na yi hawaye. Allah ya jiƙan Kawu, ya miƙa masa littafinsa a hannun daman nan da ya ƙi hutawa.