Ciwon da Kaka ta ɓoye wa Baba

Madam ɗinmu ta ajin ƙarshe na firamare ba Bahaushiya ba ce, ba kuma Musulma ba. Daga unguwar Village take zuwa makarantarmu a New Bell a kan bensikin, baburan hayar nan na Douala, idan an yi ruwa ta iso da laka har idon sawu. Duk ranar Litinin, kafin mu buɗe littafi, sai ta faɗa mana abin da za mu iya yi da kanmu kafin Juma'a. Sai da na girma na gane cewa a cikin manhaja abin yake, kowane malami an ba shi. Wasu dai kwafewa suke a allo su wuce, ita kuwa sai ta ga ka yi da idonta.

Wani mako ta ce, "Kafin Juma'a, kowa zai iya yi wa likita bayanin ciwo da Faransanci: ina ne, tun yaushe, yaya yake yi."

Ta mayar da benci gadon asibiti, ta saka wata farar riga da ta yi mata yawa. Mu ne marasa lafiya. Da aka zo kan sassan jiki ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ambaci nono, maza suka tuntsire da dariya, mu mata muka sunkuyar da kai kamar an kama mu da sata. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa muka dinga maimaitawa har dariyar ta ƙare don kanta. Sannan ta ce kowa ya je gida ya yi wa wani babba waɗannan tambayoyin.

Ni Kaka na zaɓa, mahaifiyar Baba, don ita kaɗai nake iya yi wa tsiya. A lokacin ta rame sosai. Baba ma'aikacin ofis ne, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, kuma sau biyu yana kai ta asibiti. Amma shi ne ɗanta na fari. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi zancen jikinta a gabansa. Likita ya yi tambaya, Baba ya fassara, ta ce jiri ne. A ba ta ƙwayoyi su dawo. Mama kuwa suruka ce, kunyarta ta fi ta Baba.

Na sami Kaka tana tsince shinkafa. Na ce, "Tsohuwa, yau ni ce dokta. Ina ke miki ciwo?"

"Dokta da majina a hanci? Tashi ki ba ni wuri."

"Madam ce ta aiko ni. In ba ki faɗa ba zan faɗi jarrabawa."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta har na zaci ta manta da ni. Can ta leƙa tsakar gida, ta kamo hannuna ta ɗora a ƙirjinta ta gefen hagu. Na ji wani abu mai tauri kamar goro. Bakina ya ci gaba da abin da aka koya masa. Tun yaushe? Tun kafin azumi. Yaya yake yi? Yana suka, kuma yana girma.

Ta ce, "Kika faɗa wa babanki, ba ni ba ke."

Ban faɗa masa ba. Madam na faɗa wa, ina kuka a bayan aji. Ta rubuta wa Baba cewa ya mayar da Kaka asibiti a nemi likita mace, ya kuma tsaya a waje, ni zan shiga da ita.

Baba ya ji haushi, ya ce yaushe 'yar firamare ta zama tafinta. Amma ya kai mu. A gaban likitar kalmomin suna nan a jere yadda muka yi a kan benci. Ba ta sa na maimaita komai ba. Ta duba Kaka, ta fita ta yi magana da Baba, na hango shi ta taga ya dafe bango.

An yi aiki, an cire nonon. Kaka ta sha wuya, ta kuma tashi. Har yau tana nan tana ce min dokta mai majina, kuma duk lokacin da na ji muryarta sai na gode wa Allah, na gode wa Madam.

Da Kaka ta samu ƙarfin tafiya ta ce sai an kai ta lekol, wato makarantarmu. Ta tsaya a ƙofar ajinmu, ta riƙe hannuwan Madam biyu, ta shiga jero addu'a da Hausa, ga Madam, ga iyayenta, ga 'ya'yan da za ta haifa. Madam ta juyo ta ce in fassara mata. Na buɗe baki, kuka ya ci ƙarfina a gaban duk 'yan aji. Kaka ta harare ni ta ce, "Ke, yi aikinki mana." Na share hawaye na fara.