Alwalar Shamsiyya

Duk Tudun Wada an san Dije mai fura, amma ba kowa ya san abin da ke bayan labulenta ba. Ni na sani, don katanga ɗaya ta raba mu.

'Yarta Shamsiyya ta fara magana da wuri, bakinta kamar rediyo. Kafin a yaye ta kalmomin suka soma zubewa ɗaya bayan ɗaya, har kalmar "Inna" ma ta tafi. Hannuwan da ke ɗaukar ludayi suka daina riƙe komai, sai murza juna daga safe har ta yi barci.

Matan unguwa, da ba a rasa su da fassara, suka yanke hukunci. "Alwala ta ka yi, ɗiyag ga waliyyiya ta," in ji su. Dije ta kama maganar hannu biyu, don ta fi zancen aljanu daɗin ji. Da yarinyar ta yi kuka sai ta ɗauko buta ta zuba mata ruwa, har fatar yatsun ta tsage. Abu ɗaya take roƙon Allah: ta san abin da 'yarta ke so kafin ɗayarsu ta bar duniya.

Shamsiyya ta kusa shekara tara farfaɗiya ta kai su asibiti. Wata likitar yara ta ce sunan ciwon Rett, kusan mata kaɗai yake kamawa, kuma ba a cika ganinsa ba. Ta ce a ƙwaƙwalwa akwai sinadaran da ke kai saƙo daga wannan ƙwaya zuwa waccan, na Shamsiyya sun rikice, saƙon ba ya isa baki da hannu yadda ya kamata.

"Ba za ta warke ba," in ji likitar, "amma tana jin ki. Ki bar kallon hannunta, ki dubi idonta."

Ina tsakar gidansu ranar da suka dawo. Dije ta ajiye butar, ta ɗaga kofin kunun da take ba ta kullum a dama, ƙwaryar fura a hagu.

"Shamsiyya, mi kika so?"

Idon yarinyar ya wuce kunun, ya tsaya cak a kan furar, bai motsa ba.

Dije ta zauna a ƙasa, ni ma hawaye suka zubo mini.

"Hura," Dije ta ce a hankali. "Duk garin ga na shayar, ban da ke."