Layin Da Na Cike Wa Yaya

Yayana makaniki ne, amma ba na mota ba, na injunan masana'anta. Shekara goma sha tara ya yi a masaƙa yana kwance inji yana ɗaurawa, har sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Injiniya, alhali ko ƙofar jami'a bai taɓa takawa ba. Ranar da aka rufe masaƙar ya dawo gida da akwatin sifanoninsa a kafaɗa, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya ce nan da wata biyu zai samu wani aikin. Wata biyun nan ne suka miƙe suka zama shekara shida.

Matarsa nas ce, Anti nake ce mata. A lokacin 'ya'yansu uku, ga cikin na huɗu. Tun bakwai saura take fita, ta dawo da yamma liƙis ƙafafu a kumbure, ta ajiye jaka ta wuce ɗakin girki ko takalmi ba ta cire ba. Wata rana Yaya ya leƙa ya tarar da ita a jingine da bango tana gyangyaɗi, ludayi a hannu, shinkafa tana ƙauri. Ya zare ludayin ya ce ta je ta zauna. Tun daga ranar ludayin bai koma hannunta ba, sai dai in ita ta yi marmari.

Girkinsa na farko taliya ce, kuma ina wurin, don haka ba wanda zai gyara mini labarin. Ta caɓe ta haɗe wuri guda, sai da aka yanka ta da wuƙa. Yaran suna kallon juna, shi kuwa ya haɗe rai ya cinye rabonsa tas. Washegari ya sayo littafin rubutu. Haka yake yi wa duk injin da ya kayar da shi: ya zauna ya rubuta abin da ya faru, da inda aka yi kuskure, da abin da zai canza gobe.

Kafin shekara ta zagayo ɗakin girkin nan ya koma wani abu dabam. Ya kafa faffaɗan katako a bango ya jera ƙusoshi, ya rataye ludayi da wuƙaƙe da mataci, kowanne ya zana siffarsa da baƙin alƙalami a jikin katakon, yadda ko da ido ɗaya ka leƙa za ka san abin da ba ya wurinsa. A gefe ya liƙa 'yan katuna da rubutunsa mai tsayi. Taliya da kifin gwangwani, minti ashirin da biyar. Dankali da ƙwai, rabin awa. Wake a jiƙa shi tun safe, kada wanda ya ce ya manta. Ranar Lahadi yakan niƙo tumatir da tattasai da yawa, ya dafa har ruwan ya tsotse, ya raba a robobi shida ya jera a firji, kowace rana da tata. Ba girkin burge baƙi yake yi ba. Abinci ne mai sauƙi, mai zafi, wanda ƙarfe bakwai na yamma za ta same shi a faranti.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ko ni ba ta ƙyale ba: ba a kunna wuta sai komai ya hallara. A yanka albasa, a auna ruwa, gishiri ya zo kusa da hannu, sannan a taɓa ashana. Ya ce wanda ya ɗora mai a wuta sannan ya tafi neman wuƙa, shi ya gayyaci ƙauri da kansa.

Mutanen layinmu ba su bar shi ba, ai ka san ba za su bari ba. A shagon aski aka sauke masa Injiniya aka naɗa masa Kuku. In ya wuce da kwandon cefane sai wani ya tambaye shi yau me uwargida za ta dafa. Ko a jikinsa. Yakan tsaya ya faɗa musu abin da zai dafa ɗin, har da farashin tumatir a ranar, ya wuce ya bar su da bakinsu.

Ni ce abin ya dama. Gara in faɗa da bakina. Ina da ɗan shagon kwamfuta a bakin titi, ina buga takardu, ina hoton takardu, ina cike wa mutane fom, don haka duk surutun unguwa sai ya biyo ta gabana. Duk wanda ya tambaye ni me Yaya yake yi yanzu, sai in ce yana ɗan taɓa kasuwanci, in yi sauri in canza zance. Kuma wannan bai hana ni zuwa gidansa sau uku a mako daidai ƙarfe bakwai ba, wai na zo duba yara. Ƙari ma nake yi.

Sai ga sabon kamfanin roba ya buɗe a bayan tsohuwar masaƙa, masu yin bokiti da baho da kujeru. Suka liƙa sanarwar ɗaukar ma'aikata a ƙofa, kafin azahar rabin unguwa sun yi layi a shagona da takardunsu. Ana neman masu lodi, masu tsaron inji, direbobi, da makanikai uku. A ƙasa da ƙananan haruffa an ce kada shekarun mai nema su kai hamsin. Yaya saura wata huɗu ya cika hamsin.

Na kai masa kwafin sanarwar da kaina. Ya karanta sau biyu a tsaye, ya goge hannu a tawul, ya shiga ɗaki ya jawo akwatin nan daga ƙarƙashin gado. Na ga yadda ya riƙa shafa wa sifanonin mai ɗaya bayan ɗaya. Anti ta taɓa gaya mini cewa ko janaretan maƙwabta ya ji yana tari, sai ya tsaya da tauna ya faɗi abin da ke damun injin. Girkin bai taɓa ƙona masa rai ba, amma kewar inji tana cin sa. Ya kuma san idan wannan ƙofar ta rufe, ba wata sanarwar da za ta sake karɓar shekarunsa.

Washegari ya zo shagona muka zauna cike fom. Komai ya tafi daidai har muka iso wani layi: aikin da ka yi a shekaru biyar na ƙarshe.

"Rubuta girki a gida," in ji shi.

Na ɗauke hannu daga kan madannai. Na ce masa mutum sama da ɗari biyu ne ke neman aikin nan, wanda zai tantance takardu ba shi da lokacin wasa, yana ganin kalmar girki zai yi dariya ya jefa a kwandon shara. Na ce a sa kasuwanci, kowa haka yake yi, ba wanda zai bincika. Na kawo hujja ta kai goma, don ni in na fara ba na gajiya. Ya bari na gama tsaf.

"Ke dai rubuta abin da na yi," ya ce, ya miƙe, wai kifi zai ƙare a kasuwa.

Yana fita na buga Kasuwanci. Na ɗora takardar ƙarshe a sama, da ya dawo na nuna masa inda zai sa hannu, na liƙe ambulan na kai ƙofar kamfanin da ƙafata. A raina har ina yaba wa kaina, na ceci yayana daga taurin kansa.

Mutum goma sha biyu aka kira gwajin makanikai, har da shi. Ba na wurin. Abin da na sani, kaɗan daga bakin Yaya na ji, mai yawan kuma daga bakin wani mai walda na layinmu da shi ma aka kira, mutumin da ba a roƙonsa labari. Gwajin shi ne a sauke ƙarfen da ke ba narkakkiyar roba siffar baho, a ɗora na bokiti, a tayar da inji, cikin minti arba'in.

Ana cewa a fara, samarin suka afka wa injuna. Yaya kuwa ya je ya duba makunnin wuta da idonsa, ya dawo ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, ya ƙirga notuna, ya samo wani murfin gwangwani ya ajiye a dama don zuba su. Minti bakwai bai taɓa injin ba. Mai walda ya ce shi har ya cire rai, ya ce a zuciyarsa yau Kuku ya zo yankan albasa a gaban jama'a. Amma da Yaya ya sa hannu, bai sake miƙewa neman komai ba. Na kusa da shi yana rarrafe a ƙarƙashin inji yana cigiyar sifana, shi kuwa hannunsa yana zuwa yana dawowa ko kallon tsumman ba ya yi. Wani saurayi ya riga shi gamawa da minti uku, sai dai bokitinsa ya fito da baki a karkace, ga noti ɗaya ya yi saura a ƙasa. Bokitin Yaya na farko ya faɗo lafiya ƙalau. Ya goge kayan aikin, ya share wurin, ya tsaya.

Shugaban makanikan wani dattijo ne mai tabarau a goshi. Ya juya bokitin a hannu, ya buɗe fom, ya ce hannun nan bai yi kama da na wanda ya bar inji ba. Sai ya sauko da tabarau ya karanta.

"Kasuwanci. Kasuwancin me?"

A nan Yaya ya fara ganin abin da na rubuta. Mai walda ya ce ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya roƙi aron biro, ya ja layi a kan kalmar, ya yi rubutu a samanta.

"Ranka ya daɗe, ƙanwata ce ta cike. Ita ta ji kunya, ba ni ba. Girki nake yi a gidana."

Aka yi dariya daga baya. Dattijon bai yi ba. Ya tambaye shi mutum nawa yake ciyarwa, Yaya ya ce shida, bakwai in ƙanwar tasa ta zo, kuma tana yawan zuwa. Ya tambaye shi sau nawa abinci ya makara a shekara shidan. Ya ce sau biyu: ranar da gas ya ƙare ana tsakiyar dahuwa, da ranar da aka haifi autansa. Dattijon ya ce yana da masu manyan takardu da ba sa iya kwana shida ba su makara ba. Ya rufe fom ɗin ya ce za a liƙa sunaye.

Duk wannan a shagona mai walda ya zazzage shi, a gaban mutum biyar masu jiran hoton takardu, har da kwaikwayon muryar Yaya a wurin "tana yawan zuwa". Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kwana huɗu ban taka gidan ba, ina cin burodi a shago. A baki ina cewa in bai samu ba gaskiyarsa ce ta ja masa. A zuci kuwa na san abin da nake tsoro: kada su ce mutumin da aka samu ƙarya a fom ɗinsa ba abin yarda ba ne. Ƙaryar kuma tawa ce, damar da ba za ta dawo ba tasa.

Ranar Juma'a aka liƙa sunaye. Nasa ne na biyu.

Ban je murna ba, kunya ta hana ni. Anti ce ta kira ni ranar Lahadi, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce Yaya ya raba kwanakin girki tunda yanzu sai shida da rabi zai riƙa dawowa: ita kwana biyu, babbar 'yarsu kwana biyu, shi Asabar da Lahadi. Litinin kuwa ya ce tawa ce, tunda na fi kowa sanin lokacin da ake saukewa.

Litinin masu fom suka riƙe ni har shida ta gota. Na shiga ɗakin girkin a gurguje, na ciro robar miya daga firji, na ɗaga kai in duba katin taliya. A tsakiyar katunan, daidai tsayin idona, ga hoton shafin fom ɗin nan an liƙa. Ashe ya roƙi kwafi a ofis. Ga Kasuwanci da na buga da layi a kansa, ga rubutunsa mai tsayi a sama: Girki a gida. Mutum shida, shekara shida.

Na karanta ya fi sau uku. Don in kawar da ido na kunna gas, na ɗora tukunya, na tsiyaya mai, sannan na shiga juye-juyen neman albasa. Ban ji shigowarsa ba, warin giris da na roba mai zafi ne ya sanar da ni. Yana tsaye a bakin ƙofa cikin sabbin kayan aiki masu shuɗi, gwiwa ɗaya har ta yi baƙi. Ya miƙa hannu ta gefena ya kashe wutar, ya zaro wuƙa daga kan zanenta ya ba ni.

"Yaya, ka yafe mini," na ce.

"Na yafe tun a can. Yanka albasar tukuna, bakwai ta kusa."

Ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya buɗe kabad, ya sauko da faranti bakwai.