Gam ɗin da Ya Riƙe Madubin Kawu

Lokacin da nake ɗinkin bakin buhu a wani kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa, kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mai harbin tantabaru a sito. Kada ku yi dariya, aiki ne da albashinsa. Tantabaru kan shigo ta ƙarƙashin kwano su ci shinkafa, su kuma bar kashi a kan buhunan da aka riga aka sayar. Kawu tsohon maharbi ne da daji ya ƙare masa a Panshekara, sai mai kamfanin, Alhajinmu, ya sayo masa bindigar iska mai madubin hange a samanta. Abin da ya harbo kuwa mu muke gasawa.

Madubin yana da wani zobe a baya, inda ake kara ido. Murɗa shi ake yi har abin da ake kallo ya fito tangaran daidai da idon mai kallo. Tun da idon Kawu ya fara hazo, sai ya riƙa warware zoben nan kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har ya zo gab da fita ya fara lilo. Ni kaɗai ya gaya wa dalili. Ya san duk ranar da aka ce idonsa ya tafi, aikin ya tafi, kuma da aikin nan yake ciyar da gidansa. Sai ya naɗe wurin da robar tayar keke ya ci gaba da harbinsa lafiya lau.

Alhaji mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya jawo mana. Wata safiya yana zagayen sito ya hango robar.

Ya ce, "Malam, wannan fa? Kamfani kamar nawa a ce bindigarku ɗaure take da roba?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, a haka ma tana aiki."

"A'a, ba za a ce na wulaƙanta ku ba. A nemo gam, wanda ya fi kowane."

To, a Sharaɗa kowa malamin gam ne. Kafin azahar an cika a bakin sito. Mai facin bakin ƙofa ya zo da solushan ɗinsa, ya ce yana riƙewa amma in an matsa yana saki. Wani ma'aikacin kamfanin takalma ya tsallako da nasu a gwangwanin madara, ya rantse da shi ake riƙe dunduniyar takalman manyan mutane. Sito-kifa ya ce a ɗiga sufa-gulu a huta, aka taso masa cewa tiririnsa yana dusasa gilashi. Kawu dai sai maimaitawa yake, "Na mai faci ma ya isa, na mai faci ma ya isa." Ba wanda ya saurare shi. Ana ganin kawaici ne irin na dattijo.

Sai ga bakaniken injinmu, mutumin Filato, da 'yan kwalaye biyu da ake haɗawa a cakuɗa. Ya ce, "Oga, wannan in ya kama, sai dai a fasa." Na ga fuskar Alhaji ta washe. Bakaniken ya ƙara da cewa a saita madubin tukuna, don bayan nan babu gyara.

A kamfaninmu akwai al'ada. Duk abin da za a soma, Alhaji ne ke fara sa hannu da bisimilla. Sabon inji shi ke dannawa, sabuwar mota shi ke tayarwa. Saboda haka ba wanda ya yi tunanin wani abu, aka miƙa masa bindiga. Ya kara idonsa garau, ya auna tankin ruwan maƙwabta, ya yi ta murɗa zoben ciki, yana mayar da abin da Kawu ya yi shekaru yana warwarewa.

Ya ce, "Masha Allah! Har tsatsar tankin nake gani. Malam, ku duba."

Kawu ya karɓa ya daɗe yana kallo. In ya ce bai fito ba, ya ƙaryata Alhaji a gaban ma'aikatansa, ya kuma tona asirin idonsa da bakinsa.

Ya ce, "Ya yi, ranka ya daɗe."

Aka shafa gam, aka yi addu'a, aka watse.

Daga ranar Kawu ya koma harbin kwano. Tantabaru suka gane, har sauka suke a kan buhun da yake zaune. Da damina ta faɗi, rufin sito ya riƙa yoyo ta ƙananan huji kamar rariya. Mun gwada ruwan zafi, mun gwada kananzir, na murɗa zoben nan har tafina ya sale. Bakanike bai yi ƙarya ba.

Da ƙorafi ya yi yawa, Alhaji ya sa aka ɗora gwangwani a kan katanga, ya karɓi bindigar ya harba. Gwangwani ya yi sama. Ya juyo da tausayi na gaske a fuskarsa ya ce, "Malam, madubi lafiya lau yake. Shekaru ne, kowa zai je. Ku je ku huta." Aka sallame shi da buhun shinkafa da addu'a mai tsawo. Ni na ɗinke bakin buhun, kuma ban taɓa jin haushin allura irin na ranar ba.

Bindigar tana ofishin Alhaji a rataye, in an yi baƙi yakan nuna musu ingancin aikin. Kawu kuwa ya koma zaman ƙofar gida a Panshekara. Duk lokacin da na je gaishe shi, bayan ya tambayi mutan gida sai ya ce, "Gam ɗin nan yana nan riƙe?"

In ce, "Yana nan riƙe, Kawu."

Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai Alhaji ba ya sayen abin banza."